Askirim da Miyar Gashi: Yadda Suka Bar Madafin Gida, da Yadda Ake Neman Dawo da Su

A shekarar 1981 wata matar aure daga ƙaramin garin St. Clair na jihar Michigan a Amurka ta bayyana a shirin talabijin na Phil Donahue, wanda a lokacin yana cikin shirye-shiryen hira da aka fi kallo a ƙasar. Sunanta Gloria Pitzer, sana'arta kuwa baƙuwa ce. Takan sayi abincin manyan gidajen cin abinci ta kawo gida, ta ɗanɗana, ta yi ta gwaji a madafinta har sai ta haɗa abin da harshe zai sha wuya kafin ya bambanta shi da na asali. Daga nan sai ta buga yadda ta yi a wata 'yar mujalla da take aika wa masu biyan kuɗi ta gidan waya, aikin da ta fara tun shekarun 1970. Don gudun rigima da lauyoyi takan karkatar da sunaye, biskit ɗin Oreo ya koma Gloreo, gidan abincin Wendy's ya koma Wednesday's. Bayan an watsa shirin, wasiƙu suka yi ta kwarara zuwa gare ta har suka fi ƙarfin iyalin gidan.

Masu wasiƙun sirri suke nema. Sun ɗauka cewa a cikin kowane kofi da kowace kwalba akwai wani sinadari da kamfani ya kulle a akwatin ƙarfe, wanda in an gano shi an gama. Har yau wannan zato na nan, kuma abubuwa biyu da ake yawan kwaikwaya a gidajen Amurka su ne askirim mai laushi irin na gidajen abinci, da miyar nan mai kauri, mai zaƙi da tsami, da ake shafa wa gasasshen nama, wadda za a kira miyar gashi a nan. Tarihin su biyun ya nuna cewa kayan haɗin ba su taɓa ɓuya ba. Abin da ya yi ta sauya hannu a tsawon shekaru ɗari huɗu shi ne iko a kan sanyi da wuta: wa ke da ƙanƙara, wa ke da inji, wa ke da lokacin zama bakin rami har gari ya waye.

Sanyi a hannun sarakuna

Adana ƙanƙara tsohuwar fasaha ce. A Farisa an daɗe ana gina manyan rumbunan laka masu siffar tulluwa, waɗanda ake kira yakcal, a tara ƙanƙarar hunturu a ƙarƙashinsu ta kai bazara. Wasu na nan tsaye har yau a yankunan Yazd da Kerman. Littafin Ain-i-Akbari, wanda Abul Fazl ya rubuta a ƙarshen ƙarni na 16 kan tsarin mulkin sarki Akbar na daular Mugal, ya bayyana yadda ake sauko da ƙanƙara daga duwatsun arewa zuwa fada a Lahore. Kalmar da Turawa ke kiran daskararren ruwan 'ya'yan itace da ita, sobe a bakin Faransawa, sorbetto a bakin Italiyawa, ta biyo ta Turkanci ne daga tushen Larabcin nan na shariba, wato sha.

Sai dai sanyaya abin sha daban, daskarar da shi daban. Ruwa zalla yana daskarewa a digiri sifiri na ma'aunin Salshiyas, amma madarar da aka zuba wa sukari ba ta daskarewa sai an sauka ƙasa da haka. Ke nan ko an binne tukunyar madara a cikin ƙanƙara yini guda, sanyi kawai za ta yi. Mafitar ita ce gishiri. Idan aka barbaɗa shi a kan ƙanƙara sai ya tilasta mata narkewa, narkewar kuma tana zuƙe zafi daga duk abin da ke kusa, har ruwan gishirin ya iya sauka zuwa wajen digiri 21 ƙasa da sifiri. Likitan nan na Dimashƙu, Ibn Abi Usaibi'a, ya ambaci sanyaya ruwa da irin gishirin da ake haɗa albarushi da shi tun a ƙarni na 13. Giambattista della Porta na birnin Napoli ya bayyana dabarar a bugun 1589 na littafinsa Magia Naturalis, kuma a Napolin ne Antonio Latini ya buga hanyoyin haɗa sorbetto a littafinsa na girki a shekarun 1690. Labaran da aka saba ji, cewa Marco Polo ne ya kawo askirim daga Sin, ko Catherine de' Medici ce ta kai shi Faransa a kayan aurenta, masana tarihin abinci sun bi diddiginsu ba su sami wata takarda ta zamanin da ta tabbatar da su ba.

Abin da takarda ta tabbatar ya fi tatsuniyar ma daɗi. A shekarar 1671 an yi wata babbar walima a fadar Windsor ta Ingila, Elias Ashmole kuma ya buga jerin abincin da aka ci. A cikinsa akwai faranti guda na askirim, a teburin sarki Charles na Biyu kaɗai. Sauran manyan baƙi, duk da sarautunsu, kallo suka yi. Daga fada abin ya gangara zuwa shagunan masu hali, irin su Café Procope da wani ɗan Sisili ya buɗe a Faris a 1686, sannan zuwa littattafan girki. Na farko da ya buga hanyar haɗa shi da Ingilishi shi ne na Mary Eales a 1718.

Yadda ake yin sa a wancan zamani aiki ne na wahala. Za a zuba haɗin a tukunyar ƙarfe mai murfi, a dasa ta cikin bokitin ƙanƙara da gishiri, mutum ya kama hannun murfin yana jujjuya ta, bayan 'yan mintoci ya buɗe ya kankare abin da ya manne a bango, ya cakuɗa, ya rufe, ya ci gaba. Wanda ke sha ba shi ke juyawa ba. A ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka akwai wata takarda da Thomas Jefferson ya rubuta da hannunsa, mai bayanin askirim na banila: kwalba biyu ta kirim mai kyau, ƙwanduwar ƙwai shida, rabin fam na sukari. Ana yawan nuna ta a matsayin shaidar wayewar shugaban Amurka na uku. Wanda ya riƙe masa madafi kuwa bawansa ne, James Hemings, wanda ya tafi da shi Faris a 1784 yana ɗan shekara 19 don ya koyi girkin Faransawa. Jefferson bai 'yanta shi ba sai a 1796, bisa sharaɗin sai ya fara koya wa ƙanensa Peter aikin, shi kuma Peter ya ci gaba da zama bawa. Kafin Hemings ya bar gidan Monticello ya rubuta jerin kayan madafin da ya bari, a ciki har da mazuban daskarar da askirim guda biyu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mutum biyu ne suka sauko da askirim daga teburin masu bayi zuwa gidan talaka mai ɗan rufin asiri. Na farko shi ne Frederic Tudor na Boston, wanda a 1806, yana ɗan shekara 22, ya loda ƙanƙarar tafkunan Massachusetts a jirgin ruwa ya nufi tsibirin Martinique. Ya isa ya tarar babu rumbun da zai ajiye ta, babu kuma wanda ya san abin da zai yi da ita, mafi yawanta ta narke. Bashi ya kai shi kurkuku fiye da sau ɗaya. Bai daddara ba. Ya gano cewa garin katako, wanda masu yankan katako ke zubarwa, yana hana ƙanƙara saurin narkewa. Abokin aikinsa Nathaniel Wyeth ya ƙera wata garma da doki ke ja a kan daskararren tafki tana tsaga shi gida-gida daidai wa daida, yadda za a jera tubalan ba tare da iska ta ratsa tsakaninsu ba. A 1833 jirginsa mai suna Tuscany ya tashi da tan 180 zuwa Kalkata, ya ƙetare layin da ya raba duniya biyu har sau biyu a tafiyar wata huɗu, ya isa da kimanin tan 100. Kasuwar da ya buɗe ta sa ƙanƙara ta zama haja kamar gawayi, mai amalanke yana kawo ta ƙofar gida a biranen Amurka.

Ta biyu ita ce Nancy Johnson ta Filadelfiya, wadda a ranar 9 ga Satumba 1843 ta karɓi takardar mallakar ƙirƙira mai lamba 3254. Abin da ta ƙera ba shi da wuyar fahimta: gwangwani mai murfi a cikin bokitin ƙanƙara da gishiri, a cikin gwangwanin akwai muciya mai fukafukai, a waje akwai hannu da ake murzawa. Muciyar tana kankare bango tana kaɗa haɗin a lokaci guda, ba sai an buɗe ba. Wannan ya magance babbar matsalar askirim, wato girman ƙwayoyin ƙanƙara. Idan haɗin ya daskare a hankali yana zaune wuri ɗaya, ƙwayoyin kan girma har harshe ya ji su kamar yashi. Idan ya daskare da sauri ana kaɗa shi, sukan zama ƙanana ƙwarai, iska kuma ta shiga tsakani, sai a ji laushi. Duk injin askirim da aka ƙera bayan nan, har na masana'anta, a kan wannan tunani ya tsaya. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 bokitin murzawa ya zama kayan gida a Amurka, yara na karɓa-karɓa a kan hannun ranar hutu. A Ingila, Agnes Marshall ta buga littafinta kan daskararrun kayan zaƙi a 1885, tana sayar da nata samfurin injin, tana koyar da mata a makarantarta ta Landan. A wannan ɗan tsakani, askirim mafi kyau shi ne na gida. Na titi abin tsoro ne: a Landan masu talla na zuba shi a ɗan kofin gilashi na kwabo, mai saye ya lashe ya mayar, a ɗauraye sama-sama a miƙa wa na gaba, har hukuma ta hana a ƙarshen ƙarnin saboda cututtuka.

Iska da inji

Jacob Fussell, mai sayar da madara a Baltimore, shi ya fara yin askirim a matsayin masana'anta a 1851, don ya rage asarar kirim ɗin da ke yi masa saura. Injin sanyaya na Carl von Linde a shekarun 1870 ya raba masana'antu da dogaro ga tafki. A shekarun 1920 Clarence Vogt ya ƙera injin da haɗi ke shiga ta baki ɗaya askirim na fita ta ɗayan ba tsayawa, cikin daƙiƙoƙi, tare da iskar da aka auna aka cusa. Daga nan iska ta zama kayan haɗi, kuma ita ce mafi arha. Shi ya sa dokar Amurka ta gindaya cewa duk abin da za a kira askirim sai ya ƙunshi maiƙon madara aƙalla kashi 10 cikin 100, kuma nauyinsa kada ya gaza fam huɗu da rabi a galan, wato kimanin giram 540 a lita. Tun da litar haɗin kafin a kaɗa ta ta ɗara kilo guda, ma'anar dokar ita ce an yarda rabin abin da ke cikin kwali ya zama iska, amma kada a wuce nan.

Askirim mai laushi, wanda ake tatsowa daga famfon inji yana nannaɗewa, ya zo ne a shekarun 1930. J. F. McCullough da ɗansa Alex sun yi imani cewa askirim ya fi daɗi a lokacin da ya fito daga inji, kafin a kai shi ɗakin sanyi ya taurare, domin tsananin sanyi yana dakushe harshe. A watan Agusta 1938 suka gwada a shagon Sherb Noble da ke Kankakee a jihar Illinois, kowa ya sha iya cikinsa a kan santi goma. Cikin awa biyu aka raba fiye da 1,600. Shagon Dairy Queen na farko ya buɗe a Joliet a 1940. Maiƙon da ke cikin nasu kashi 5 ne cikin 100, saboda haka a shari'ance ba askirim ba ne, kamfanin ma ba ya kiran sa haka. Shi kansa McDonald's ta wannan ƙofa ya zama abin da ya zama: Ray Kroc dillalin injin kaɗa madara ne, kuma abin da ya kai shi San Bernardino a 1954 shi ne son ganin wane irin shago ne ke buƙatar injinsa har takwas. Da Dave Thomas ya buɗe Wendy's a Columbus ta jihar Ohio a 1969, cikin 'yan abubuwan da ke jerin abincinsa akwai Frosty, wanda kaurinsa ya fi ƙarfin tsinken zuƙa amma bai kai taurin askirim ba.

A nan matsalar mai kwaikwayo a gida take. Injin gidan abinci yana riƙe haɗin a wajen digiri 6 zuwa 7 ƙasa da sifiri, yana kaɗa shi ba fasawa. Firizar gida an saita ta a wajen digiri 18 ƙasa da sifiri, kuma ba ta kaɗa komai. Ko da kamfani zai miƙa takardar haɗinsa kyauta, abin da zai fito daga firizar gida dutse ne. Dabarun da masu girki suka samo duk hanyoyin zagaye wannan giɓi ne. Mafi shahara ita ce a bugi kirim har ya kumbura ya riƙe iska, sannan a cakuɗa shi a hankali da madarar gwangwani mai kauri mai zaƙi, irin wadda Gail Borden ya samu takardar mallakar hanyar yin ta a 1856 (ita ce mai danƙo kamar zuma, ba ta shayi mai ruwa-ruwa ba). An riga an ƙone mafi yawan ruwanta, wajen rabinta kuma sukari ne, saboda haka ruwan da zai zama ƙanƙara kaɗan ne, sukarin kuma na hana shi taurarewa. Sauran aikin shi ne a fito da shi ya ɗan huce kafin a sha, ya hau zuwa zafin da McCullough ya ce harshe ya fi so.

Yammacin Afirka ta san askirim ne ta hannun masana'anta kai tsaye, ba ta bi ta zamanin bokitin murzawa ba. Kamfanin Fan Milk, wanda ɗan kasuwar Denmark Erik Emborg ya kafa a Gana a 1960 kuma ya buɗe masana'anta a Ibadan 'yan shekaru bayan haka, ya warware matsalar rashin firji da akwatin sanyi a gaban keke. A garuruwan da wutar lantarki ba ta da tabbas, dabarar 1843 ta fi ta firiza amfani, tun da ba ta buƙatar komai sai ƙanƙarar da ake sayarwa a unguwa, da gishiri, da ƙarfin dantse.

Daga rami zuwa kwalba

Kalmar babakiyu da Amurkawa ke kiran gashinsu da ita ta fito ne daga barbakowa, sunan da mutanen Taino na tsibiran Karibiyan ke kiran wani dandamalin itace da ake ɗora nama ko kifi a kai a hura wuta a ƙasa. Ɗan Sifaniya Gonzalo Fernández de Oviedo ya sa kalmar a littafi a 1526. Wani limamin Kirista Bafaranshe, Jean-Baptiste Labat, wanda ya zauna a tsibiran daga 1694, ya bayyana yadda ake gasa alade sukutum ana yayyafa masa ruwan lemon tsami da gishiri da barkono. Barkonon nan ɗan asalin nahiyar Amurka ne, haka ma tumatir da gyaɗa. Jiragen Turawa ne suka tsallako da su Afirka, wanda ke nufin ƙuli-ƙuli da barkonon da ke cikin yajin tsire su ma daga can kakanninsu suka fito.

A kudancin Amurka gashin ya zama na rami. Za a haƙa dogon rami, a ƙona itace har ya zama garwashi, a shimfiɗa sanduna, a ɗora alade ko tunkiya ko sa, a kwana ana juyawa. George Washington ya rubuta a littafin ajiyar ayyukansa na 1769 cewa ya je irin wannan taro a Alexandria ya kwana can. 'Yan siyasa sun mayar da shi hanyar tara jama'a lokacin zaɓe. Masu haƙa ramin da masu kwana bakinsa, a mafi yawan lokuta, bayi ne baƙaƙe, kuma bayan an soke bauta a 1865 ƙwarewar ta zauna a hannunsu da na 'ya'yansu. Miyar da suke amfani da ita ruwa-ruwa ce, ana ɗaura tsumma a sanda a tsoma a shafa wa nama don kada ya bushe. Littafin girkin Annabella Hill ta jihar Georgia, na 1867, ya lissafa kayanta: man shanu, mustad, jan barkono, masoro, gishiri, da ruwan kal har sai tsami ya fito sosai. Babu tumatir a ciki, babu sukari. A gabashin jihar Carolina ta Arewa har yau kal da barkono ne miyar. A tsakiyar Carolina ta Kudu mustad ne ya rinjaya. A Decatur ta Alabama, inda Bob Gibson ya fara gashi a 1925, fara ce, ta mayonis.

Henry Perry, baƙar fata ɗan yankin Memphis, ya fara sayar da gasasshen nama a wani lungu na Kansas City a wajen 1908, yana naɗe shi a takardar jarida a kan santi 25, kamar dai yadda mai tsire ke yi. Waɗanda suka ci sun tuna miyarsa da zafin yaji mai sa hawaye. Da ya rasu a 1940 wurin ya koma hannun yaronsa Charlie Bryant, daga baya ɗan'uwansa Arthur, wanda ya rage zafin don ya jawo masu saye. Duk da haka miyar Bryant ba ta zama mai zaƙi ba.

Zaƙin daga masana'anta ya zo. Heinz ya fara sayar da kecap ɗinsa na tumatir a 1876, kuma da zarar ya shiga kowane gida sai ya zama gindin da ake ɗora miya a kai, tun da ya riga ya haɗa tumatir da sukari da kal. Ana ƙara masa miyar Worcestershire ta Lea da Perrins, wadda aka fara sayarwa a Ingila a 1837, mai ɗauke da tsamiya da ƙananan kifaye da aka tsima. Ernest Wright na Kansas City ya fara sayar da hayaƙi a kwalba a 1895, wato hayaƙin itace da aka sanyaya ya koma ruwa, da nufin manoma su shafa wa naman ajiya. Heinz ya fito da miyar gashi ta kwalba a 1940, Kraft ya biyo baya a wajen 1960. Lokacin ya zo daidai da ƙaurar Amurkawa zuwa sababbin unguwannin bayan gari masu fili a bayan gida, da gawayin dunƙule da kamfanin Ford ya fara yi da ragowar katakon mota, da murhun gashi mai murfi da George Stephen ya yanko daga ƙarfen alamar jirgin ruwa a 1952.

Magidancin da ke gasa cinyar kaza cikin rabin awa a kan gawayi ba zai sami ƙamshin da awa goma sha biyu a bakin rami ke bayarwa ba. Miyar kwalba an yi ta ne don ta cike masa wannan rashi: hayaƙin ruwa a madadin itace, sukari da molas, wato baƙin ruwan da ke saura in an tace sukari daga rake, a madadin ɓawon da doguwar wuta ke yi wa nama, kauri kuma don ta manne tun da ba za a kwana ana shafawa ba. Ita kanta kwaikwayo ce. Irin da duniya ta fi sani a yau da sunan Kansas City, baƙa-baƙa mai danƙo, wani likitan ƙwaƙwalwar yara ne, Rich Davis, ya haɗa ta ya fara sayarwa a 1977, ya sa mata suna KC Masterpiece, ya sayar da ita a 1986 ga sashen gawayi na Clorox, kamfanin da aka fi sani da ruwan wanke farin kaya. Da McDonald's ya baza 'yan gutsattsarin kazarsa a faɗin Amurka a 1983 tare da ɗan kofin miyar gashi na tsomawa, miyar ta rabu da wuta baki ɗaya. A wasu kwalaben da suka fi kasuwa a yau, abu na farko a jerin kayan haɗi shi ne ruwan zaƙin masara.

Wannan ne ya sa kwaikwayon miyar gidan abinci ya fi na askirim sauƙi nesa ba kusa ba. Babu injin da za a rasa. Kecap, sukari mai duhu ko molas, kal, mustad, garin albasa da tafarnuwa, barkono, ɗigon hayaƙin ruwa, a dafa a ƙaramar wuta har ta yi kauri. A inda babu molas, mazarƙwaila na iya tsayawa a gurbinsa, tsamiya kuma ta ba da tsamin da Worcestershire ke bayarwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a shafa ta tun farkon gashi kamar yadda ake yi da tsohuwar miyar kal. Sukari yana ƙonewa tun nama bai nuna ba, ya bar ɗaci. Wurinta mintocin ƙarshe ne, ko kan tebur.

Shari'a ba ta tare hanyar masu kwaikwayo ba. A Amurka jerin kayan haɗi ba ya samun kariyar haƙƙin mallakar rubutu, matsayin da wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta jaddada a 1996 a ƙarar da ta haɗa kamfanonin ɗab'i na Meredith da Publications International kan wasu girke-girken yogot. Abin da kamfani zai iya karewa shi ne sunansa, da sirrin kasuwancinsa idan wani ya sace ko ma'aikaci ya fallasa. Wanda ya gano da harshensa bai yi laifi ba. Todd Wilbur ya gina sana'a guda a kan wannan tun daga littafinsa Top Secret Recipes na 1993, wanda jerin littattafai suka biyo bayansa. Kamfanonin ma ba su yi asara ba, domin kowane kwaikwayo talla ne ga sunan da ake kwaikwaya, kuma kayan haɗin da ake saya don yin sa, daga kecap zuwa madarar gwangwani, na wasu kamfanonin ne irinsu. Gloria Pitzer, wadda ta rasu a 2018, ta sha nanata wa masu karatunta cewa ita ba ta san abin da gidajen abincin ke zubawa a tukwanensu ba. Ɗanɗanon kawai take bi, da kayan da ke kan kantar kowane shagon unguwa.